Hoga: ƙaramin jirgin ja da ya ga harin Pearl Harbor, ya ƙare a gidan tarihi

Tambaya: Malam, na ga hoton wani ɗan jirgin ruwa a Amurka mai suna Hoga. An ce na sojan ruwa ne, kuma an mayar da shi gidan tarihi. Ban ga bindiga ko ɗaya a jikinsa ba, sannan jihar da yake, Arkansas, ba ta da teku. Me ya yi har aka ajiye shi, kuma ta ina ya bi ya isa can? Tunda ka yi aikin jiragen ruwa, ka warware mini.

Amsa: Ƙanena, ka kawo tambaya gidanta. Na yi shekaru a ɗakin injin irin waɗannan jirage, waɗanda mu ma'aikatan tasha muke ce wa tog, wato jirgin ja. Rashin bindigar da ka gani haka yake tun asali. Ba a ƙera Hoga don ya harbi kowa ba. Aikinsa uku ne: ja, turi, da kashe gobara. Kuma da waɗannan ukun ya yi abin da ya sa ake kai yara 'yan makaranta su gan shi yau.

Sai ka san aikin tog kafin ka gane labarin. Babban jirgi a tsakiyar teku sarki ne, amma da ya shigo tasha ya zama raƙumi a lungu. Jirgin ruwa ba shi da birki. Abin da ke juya shi yana can ƙarƙashin bayansa, kuma ba ya cin aiki sai ruwa na gudu a kansa. Da jirgi ya rage gudu don shiga tasha, sai ya daina jin maganar matuƙinsa, iska ta tura shi nan, igiyar ruwa ta ja shi can. A nan ake kiran mu. Tog zai zo ya kafa hancinsa a haƙarƙarin babban jirgin, hancin nan an naɗe shi da dunƙulen igiya ko tsofaffin tayoyi don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, sai ya yi ta turi. Ko kuma a jefo igiya mai kaurin damtsen ƙato, a ɗaura, ya ja. In kana ƙasa a ɗakin inji lokacin da hancin ya taɓa jikin jirgin, za ka ji dum a tafin ƙafarka, daga nan ƙarar inji ta sauya, ta yi nauyi, kamar numfashin mai ɗaukar buhu. Ba ka ganin komai a waje. Kunne da ƙafa ne ke gaya maka abin da ake ciki.

To Hoga irin wannan ne. Kamfanin Consolidated Shipbuilding ne ya ƙera shi a unguwar Morris Heights da ke New York. An fara aikinsa ranar 25 ga Yuli 1940, aka saka shi a ruwa ranar 31 ga Disamba na shekarar, ya shiga aikin sojan ruwa ranar 22 ga Mayu 1941 da lambar YT-146. Tsawonsa ƙafa 100 ne, kusan mita 30, faɗinsa ƙafa 25, nauyinsa tan 325. Ma'aikatansa 11. A lokacin sojan ruwan Amurka kan raɗa wa jiragen ja sunaye daga harsunan mutanen asalin ƙasar, shi kuwa Hoga kalma ce ta harshen Sioux, ma'anarta kifi. Aka tura shi Hawai, ya bi ta mashigin Panama, ya isa tashar Pearl Harbor 'yan watanni kafin abin da ya faru ya faru.

Bari in tsaya a kan injinsa, don a nan ne yawancin masu ba da labarin suke wucewa da sauri, alhali shi ne rabin maganar. Hoga yana da injin dizal biyu, amma ba su ne suke juya farfela kai tsaye ba. Janareta suke juyawa, wutar ta tafi ga motar lantarki, ita kuma ta juya farfela guda ɗaya. Me ya sa wannan ya zama abin faɗa? A tsofaffin jirage da dama da ake haɗa dizal da farfela kai tsaye, in kana so ka koma baya sai ka kashe injin ɗungum, ka sake tayar da shi ta baibai da matsattsiyar iska. Iskar nan a tanki take, kuma tana ƙarewa. Na taɓa tsayawa ido a kan ma'aunin iska, allura na sauka, kyaftin a sama yana ta buga ƙararrawar gaba da baya, ni kuma ina lissafin sau nawa ya rage mana. Wanda bai yi wannan gumin ba ba zai san daɗin lantarki ba. Da tsarin Hoga, injin yana ta gudunsa ba tsayawa, wutar kawai ake juyawa, jirgin ya yi gaba ko baya nan take. Sannan famfunan kashe gobararsa ma da lantarki suke aiki, suna feso galan 4,000 na ruwan teku a minti ɗaya. Jirgin da zai shiga tsakanin jirage masu ci da wuta, ya fita, ya sake shiga, yana fesa ruwa yana turi a lokaci guda, irin wannan injin yake bukata.

Ranar Lahadi 7 ga Disamba 1941, wajen ƙarfe 8 saura na safe, jiragen saman Japan suka auka wa tashar, harin da ya jefa Amurka cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Hoga yana ɗaure kusa da wurin gyaran jirage, a gefen matsayar da ake kira 1010. Mutum 10 cikin 11 suna ciki, kuku ne kaɗai ya sauka gari. Shugaban jirgin, Joseph McManus, ba hafsa ba ne, babban ƙaramin soja ne da ya taso daga aikin igiya da bene. Cikin mintuna kaɗan suka tayar da inji suka kwance igiya. Umarnin da suka samu bai wuce su fita su taimaka duk inda suka ga bukata ba.

Sun fara da tsamo mutane daga ruwa, sannan suka nufi layin manyan jiragen yaƙi da ke jere a gefen tsibirin Ford. A can jirgin Arizona ya riga ya tarwatse, bam ya shiga rumbun harsashinsa, mutum 1,177 suka mutu a cikinsa kaɗai, daga cikin 2,403 da Amurka ta rasa a ranar. Manne da Arizona akwai jirgin gyara mai suna Vestal, shi ma ya sha bam, wuta na lasar sa. Hoga ya taimaka aka janye shi daga jikin Arizona wajen ƙarfe 8:30, aka kai shi inda ruwa ba zurfi ya zauna a kan laka maimakon ya nutse. Daga nan suka koma matsayar 1010 suka tura Oglala, tsohon jirgin shuka nakiya wanda jikinsa ya fashe, suka raba shi da jirgin yaƙin Helena da yake jingine da shi. Oglala ya kife daga baya, amma bai kife a kan Helena ya datse shi a jikin matsaya ba.

Babban aikin yana gaba, kuma sai ka ga siffar tashar a zuciyarka. Pearl Harbor kamar tulu take: ciki faɗi, wuya siriri, kuma baki ɗaya tak zuwa teku. Duk jirgin da zai shiga ko ya fita, ta wannan wuyan zai bi. A cikin manyan jiragen yaƙi 8 da ke tashar, Nevada ne kaɗai ya samu ya tayar da tururi ya motsa, duk da an riga an huda shi da nakiyar ruwa. Ya nufi wuyan tulun zai fita. Jiragen saman Japan na zango na biyu suka gan shi, suka yi masa rubdugu. Jirgi ne mai tsawon ƙafa 583, nauyinsa kusan tan 30,000, yana shan ruwa, gabansa na ci da wuta. Aka ba shi umarni kada ya shiga mashigin, sai ya karkata ya soka hancinsa a laka a wurin da ake kira Hospital Point.

A nan mai kallo zai ce shi ke nan, an tsira. Wanda ya yi aikin tasha ba zai ce haka ba. Jirgin da hancinsa ya kafe, bayansa yana lilo a ruwa, igiyar ruwa za ta yi ta jan bayan nan tana juya shi kamar ƙofa a kan maƙalarta. Ga shi yana ƙara nauyi da ruwan da yake sha. In ya zame daga lakar ya nutse a gicciye, ya zauna a bakin hanya. Hoga ya zo ya manna jikinsa da gaban Nevada, ya yi ta zuba ruwa a kan wutar da babban bututun da ke saman ɗakin tuƙi da kuma mesa huɗu, fiye da awa ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wani tog mai lamba YT-130 ya zo, su biyu suka ciro Nevada daga inda ya kafe, suka tsallaka da shi ɗaya gefen mashigin, suka zaunar da shi a kan ƙasa mai tauri a Waipio Point, nesa da hanya. Kafin ƙarfe 11 na safe an gama. Ka auna da kanka: tan 325 yana tura abin da ya ninka shi kusan sau 90, abin kuma cike da harsashi da mai, yana ci da wuta.

Masana tarihi suna da saɓani a kan ko Nevada zai iya toshe mashigin gaba ɗaya da ya nutse a ciki. Wasu na cewa faɗin wurin ya isa a raɓa a wuce. Ni a nawa gani, ko da ba a toshe ɗungum ba, gawar jirgi irin wannan a bakin hanya ta isa ta mayar da shiga da fita aikin yini guda maimakon awa guda, kuma a makonnin nan ba su da yini guda na asara. Washegari da yamma, 8 ga Disamba, jirgin dakon jiragen sama Enterprise ya shigo ta wannan mashigin, ya sha mai cikin dare, ya fita da safe. Bayan wata shida, a ƙarshen Mayu 1942, wani jirgin dakon jiragen sama, Yorktown, ya shigo a raunane, aka ɗinke shi cikin kwana uku a wurin gyaran tashar, ya fita zuwa yaƙin Midway inda Japan ta rasa manyan jiragen dakonta huɗu. Shi kansa Nevada an ɗago shi, an gyara, ya je ya yi luguden wuta a gaɓar Normandy ta Faransa a 1944. Ba na cewa ɗan tog ne ya ci yaƙin duniya. Ina cewa hanyar da duk waɗannan suka bi a buɗe take, kuma akwai mutum 10 da suka sa hannu wajen barin ta a buɗe.

Da aka gama da Nevada ba su huta ba. Suka koma layin jiragen yaƙi suka yi faɗa da wutar da ke kan Maryland da Tennessee, daga ƙarfe 4 na yammar Lahadi kuma suka tsaya a kan Arizona har ƙarfe 1 na ranar Talata, 9 ga wata. Wutar mai a kan ruwa ba irin wutar gida ba ce. Man yana yawo a saman teku yana ci, ka fesa ruwa ya gudu gefe ya dawo, hayaƙin baƙi ƙirin, fentin jirginka yana kumbura yana ɓarewa don zafi. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da ke ƙasa a ɗakin inji duk tsawon kwanakin nan, suna duba mai, suna share matatar famfo da tarkace ke toshewa, ba su san abin da zai faɗo musu daga sama ba. A Fabrairu 1942 Admiral Chester Nimitz, babban kwamandan rundunar tekun Pasifik, ya ba McManus da mutanensa takardar yabo a kan aikin ranar. Sauran shekarun yaƙin Hoga ya yi su ne a tashar, yana taimakon masu ɗago jiragen da suka nutse, yana ja yana turi kamar kullum.

Tambayar da ya kamata ka ƙara ita ce: me ya sa shi ya rayu, alhali manyan da ya ceto duk sun tafi? Amsar ita ce bai daina aiki ba. Bayan yaƙi Amurka ta wayi gari da jirage fiye da bukatarta, aka yi ta yanka su ana sayar da ƙarfen. Nevada ma an kai shi gwajin bam ɗin nukiliya a tsibiran Bikini da ke tekun Pasifik a 1946, aka nutsar da shi a 1948. A wannan shekarar ce aka ba tashar Oakland ta jihar Kalifoniya aron Hoga a kan dala 1 a shekara, don ba ta da jirgin kashe gobara nata. Aka ƙara ƙarfin famfunansa daga galan 4,000 zuwa 10,000 a minti, aka sauya masa suna zuwa Port of Oakland, daga baya City of Oakland. Ya yi sama da shekara 40 yana kashe gobarar jirage da rumbunan kaya da matsayai na katako. A Yuli 1980 ya ɗauki shugaban ƙasa Jimmy Carter ya zaga da shi tashar. A ƙarshen 1984, da tankar mai Puerto Rican ta fashe a wajen mashigin Golden Gate na San Francisco, yana cikin waɗanda suka fita kai ɗauki, ga shi ba don tumbatsar buɗaɗɗen teku aka ƙera shi ba. Jirgin da ake bukatarsa kullum ana masa fenti, ana sauya masa mai, ana ɗaga shi a duba ƙasansa. Albashin 'yan kwana-kwana ne ya raya shi, ba kuɗin masu son tarihi ba.

A 1989 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa mafi daraja, tun yana bakin aiki. A 1994 Oakland ta mayar wa sojan ruwa da kayansu, aka kai shi Suisun Bay, inda ake jera tsofaffin jiragen gwamnati a ɗaure. Nan ne ya fi kusa da mutuwa, fiye da ranar bam. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, ga shi kuwa sunansa ke nan. Jirgin da ya daina motsi, tsatsa ce ke cin sa ta ciki da waje. Ruwan sama ya sami tsaga ya shiga ya kwanta a ƙasan ciki, gishiri ya yi ta gaigayar ƙarfe a daidai layin da ruwa da iska suke haɗuwa, wayoyi su jiƙe, bututu su ruɓe. A 1995 wata babbar ƙungiyar kare kayan tarihi, National Trust for Historic Preservation, ta sa shi cikin wurare 11 da suka fi shiga haɗari a ƙasar. Ɗan'uwansa Nokomis, tog irinsa wanda shi ma ya kashe gobara a Pearl Harbor ran nan, masu sa-kai sun yi ƙoƙarin ceto shi, ƙarshensa dai yanka shi aka yi.

Sojan ruwan Amurka ba sa ba da jirgi kyauta don kawai ka nuna sha'awa. Sai ka kawo takardu: ina za ka ɗaure shi, ta yaya za ka ja shi zuwa can, da wane kuɗi za ka riƙe shi shekara da shekaru, yaya za ka yi da guba irin ta tsohon fenti da tsofaffin wayoyi da ke jikinsa. Garuruwa da ƙungiyoyi da dama sun nema, har da na Hawai da Florida. Birnin North Little Rock na Arkansas ne ya yi nasara, aka sa hannu ranar 28 ga Yuli 2005. Amma sa hannu daban, kawo jirgi daban. Kuɗin ɗauko shi ya yi wuya, ya ƙara shekara 7 a ɗaure kafin a 2012 a kai shi wurin gyara na Mare Island a ɗaga shi a gyara ƙasansa.

Maganar rashin teku kuwa, kogi ne ya warware ta. Jirgin mai shekara 75 ba a amince a ja shi ta buɗaɗɗen teku ba, sai aka ɗora shi a kan babban jirgin dako, aka bi da shi ta mashigin Panama, hanyar da ya bi da ƙafarsa a 1941, aka sauke shi a New Orleans. Daga nan aka tura shi sama ta kogin Mississippi, aka shiga kogin Arkansas, wanda tun farkon shekarun 1970 aka yi masa madatsu masu ƙofofi da ke ɗaga jirgi mataki-mataki. In ka tuna yadda jiragen dako suke hawa Kwara zuwa Lokoja da Baro, ko Binuwai zuwa Yola lokacin cikar ruwa, to kusan haka ne, sai dai can an gina kogin yadda ba sai an jira damina ba. Ya isa North Little Rock ranar 23 ga Nuwamba 2015, shekara 10 bayan an ba su shi.

Dalilin da ya sa birnin ya nace shi ne abin da ke ɗaure kusa da shi. Gidan tarihin, Arkansas Inland Maritime Museum, ya riga ya mallaki jirgin ƙarƙashin ruwa Razorback, wanda yake cikin tekun Tokyo ranar 2 ga Satumba 1945 da Japan ta sa hannun miƙa wuya. Daga 1970 ya yi shekara 30 da ɗoriya a rundunar Turkiyya da sunan Muratreis, aka sayo shi aka kawo a 2004. Ka ga ke nan a bakin kogi ɗaya akwai jirgin da ya ga ranar farko ta yaƙin Amurka da wanda ya ga ranar ƙarshe. Irin wannan haɗin sai a Pearl Harbor kanta, inda Missouri, jirgin yaƙin da aka sa hannun miƙa wuyan a kansa, yake tsaye kusa da kabarin Arizona. Daga cikin jiragen sojan ruwan da suke cikin tashar ran nan, Hoga ne ake ɗauka na ƙarshe da ya rage a kan ruwa. Akwai jirgin masu tsaron gaɓa, Taney, da aka ajiye a Baltimore, amma shi a tashar birnin Honolulu yake a safiyar, ba a cikin Pearl Harbor ba.

Akwai waɗanda har yau suke ganin Hawai ce ta cancanci jirgin, kuma na fahimci zafinsu, don a can ya yi abin da ya yi. Amma a matsayina na mai aikin ƙarfe, na fi samun natsuwa da inda yake. Ruwan kogi ba ya cin jiki kamar ruwan gishiri, ƙwarin teku masu manne wa ƙasan jirgi ba sa rayuwa a cikinsa. Duk da haka aikin bai ƙare ba, don jirgin gidan tarihi ba ya samun kuɗin ja da turi, sai kuɗin tikiti da gudummawa. Dole a sami mai sauka ƙasa da tocila ya duba ko ruwa ya taru, mai kankare tsatsa ya shafa jan fenti kafin na sama, mai sassauta igiya da ɗaure ta duk lokacin da kogin ya cika ko ya janye.

In ka koma kan hoton nan, bar neman bindiga. Dubi saman ɗakin tuƙi da bene, za ka ga bututun fesa ruwa, wasunsu na zamanin Oakland ne aka ƙara. Sannan dubi bayan jirgin, yadda ya yi ƙasa-ƙasa kusa da ruwa, fili ba gini a kansa. An bar shi haka ne don igiyar ja ta sami wurin shawagi hagu da dama ba tare da ta kama komai ba. Abu na farko da ake koya wa sabon yaro a kan tog shi ne kada ya taɓa tsayawa a wannan filin in igiya ta ɗau nauyi, don in ta tsinke ba ta ba mutum lokacin sunkuyawa. A wannan filin mutanen McManus suka yi aiki da igiyar Vestal da ta Nevada, jiragen sama na wucewa a kansu.